A Dawo Mana da Littafin Shamuwa

Zuwa ga Babban Jami'in Gandun Daji mai kula da yankinmu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar aiki. Ni ne Malam Sale na Nasarawan Doya, tsohon nan mai jaki wanda ya zo ofishinka sau huɗu, sau huɗu kuma masinja ya ce ka fita rangadi. Tunda ƙofa ta gagara, na sa an juya mini wannan takarda da boko an kai gidan jarida. In ba ka gani ba, wani zai gani ya gaya maka.

Na farko, in bayyana maka abin da ka ɗauka, don ina zaton ba ka san shi ba. Ina da aboki, Malam Mahaman, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi. Tare muka yi karatun littattafai a zauren mahaifina, tare muka sha bulala. Da zai koma gida muka yi gardama a kan shamuwa: shi ya ce ta fi yawa a garinsu, ni na ce ƙarya yake. Kan wannan gardama ta yara muka sayi littafi guda. Kowace damina ni in bi kuka da tsamiya da rimi, daga Nasarawan Doya zuwa Kurmin Kogi har Janfalan, in ƙirga sheƙar shamuwa, in rubuta da ajami ranar da ta sauka da ranar da ta tashi. Da kaka in ba fataken da ke kai mazarƙwailar Makarfi arewa su kai masa. Shi ma ya rubuta na garinsu a shafin da ke kallon nawa, masu kanwa su dawo mini da shi kafin bazara. Damina arba'in da uku muna haka. Tun rabuwarmu ban sake sa shi a ido ba, rubutun hannunsa kawai nake gani.

Na biyu, kada ka ɗauka aikin banza ne na tsofaffi. Akwai shekarar da sheƙa ta ragu a nan ƙwarai, mutane suka tsorata, suka ce shamuwa ta yi fushi da mu, damina ba za ta yi kyau ba. Da littafi ya dawo sai ga shafin Mahaman ya cika maƙil. Ashe ruwa ne ya sauka da wuri a can, ta wuce gaba abinta. Da shafina kaɗai nake da shi, da na rantse ƙarewa take yi. Amma a damina huɗun ƙarshe da muka rubuta, nawa ya ragu, nasa ma ya ragu. Ni na rubuta cewa ana sare manyan itatuwa don dafa ruwan rake. Shi ya rubuta cewa ana fesa wa fara magani, shamuwa ta ci mushen farar ta kwanta. Ni ban san da maganin ba, shi bai san da gatarin ba, sai da aka haɗa shafi biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranka ya daɗe, kuma tsuntsuwar nan ba ta tsayawa a bakin iyaka a duba mata takarda.

Na uku, yadda littafin ya shiga hannunka. Bara waccan, da kaka, ka zo rangadi garinmu. Dagaci ya ba ka labarina, ka aika aka kira ni. Wallahi na ji daɗi ranar. Na ce yau ga namu a kan kujerar da Bature ya bari, ga shi kuma ya damu da shamuwa. Na sa rigar Juma'a, na kawo littafin a cikin gafakarsa. Ka juya shi, ka ce a ba ka aro na mako biyu akawu ya kwafa. A gaban dagaci da liman ka faɗi haka. Mako biyun nan yau shekara biyu ke nan da 'yan kwanaki.

A zuwana na uku akawunka ya ji tausayina ya fito. Ya ce an buga wa littafin hatimi, an ba shi lamba, ya zama takardar gwamnati, takardar gwamnati kuwa ba ta ƙetare iyaka sai da izini daga sama. Na ce to, an kwafa? Ya ce ba a sami mai karanta ajami ba tukuna. Ikon Allah! A ƙasar Zazzau! Na ce ga ni, in karanta ya rubuta, ya ce ba a ba shi umarni ba. Na hango littafin ta taga a saman kabad, an ɗora masa butar shayi.

Ina tambaya, ba don rashin kunya ba: ta yaya rubutun Mahaman ya zama na gwamnatinmu? Rabin littafin nan hannunsa ne, sheƙar garinsu ce, itatuwan ƙasarsu ne. Zamanin da Ingilishi ke nan Faransi ke can, littafin ya yi ta kai da komowa a cikin mangala, ba wanda ya ce uffan. Sai yanzu da muka samu mulkin kai, su ma suka samu, aka ce ba zai wuce ba?

Na huɗu, abin da wannan ya jawo mini. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yana biyu suna masaƙa a Kaduna, sai Sallah nake ganinsu. Sa'o'ina na garin nan duk sun riga ni. A shekara rana ɗaya nake jira, ranar da masu kanwa za su sauke kaya a miƙo mini gafaka, in zauna a zaure in karanta, in yi dariya ni kaɗai, don Mahaman ba ya rufe shafi sai ya tsokane ni a ƙasa. Yanzu shamuwa takan sauka a kukar bayan gidana, in ƙirga, in rasa wanda zan gaya wa. Kaɗaici ya ishe ni, ba na jin kunyar faɗa.

Ni ma ina da laifi, ba zan ɓoye ba. A shekarar farko kunya ta hana ni aika masa gaskiya. Yaya zan ce na ba da amanarmu ga mutumin da na sani na yini ɗaya? Ranar da madugun fataken ya zo karɓar littafi na sulale gona, ban dawo ba sai da ayari ya tashi. Bara ma haka. Bana da bazara sai madugu ya tare ni a kasuwar Makarfi ya miƙo mini ƙullin tsumma biyu. A ɗaya tsakuwa goma sha ɗaya, a ɗaya bakwai. Ƙidayar Mahaman ce ta damina biyu, ya rasa inda zai rubuta. A garin da ya taɓa ƙirga sheƙa arba'in. Babu takarda, babu gaisuwa. Madugu ya ce idon Mahaman ya fara hazo, jikinsa ya yi nauyi, kuma abin da ya ce a gaya mini shi ne in na gaji da shi ba komai, ya yafe. Na ba madugu labarin ofis, ya ce zai faɗa, amma wa zai yarda gwamnati ta kulle littafin tsuntsu?

Don haka ga roƙona. Ayarin mazarƙwaila zai tashi nan da kasuwa uku. A ba ni littafina kafin nan. In ana son abin da ke ciki, zan zo da guzurina in zauna a gindin bishiyar ofis in karanta wa akawu shafi shafi, ku aika wa takwarorinku na can, ku haɗa kai a kan gatari da maganin nan tun da sauran shamuwa. In doka ta hana littafin fita, a cire shafukan Mahaman a mayar masa da kayansa.

In duk wannan ya gagara, to ina roƙon layi biyu kawai, da sa hannunka da hatimin nan naku, cewa littafin yana wurinka, kai ka riƙe shi, ba Sale ba. In aika wa Mahaman a karanta masa tun yana da rai.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya sa ka gama lafiya. Allah ya ba ka abokin da zai jira saƙonka, kada kuma ya sa wani ya tsaya a tsakaninku.

Wassalam.

Malam Sale, Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi.