Yatsun da Ka Soke a Takardarmu

Zuwa ga Malam Haruna, shugaban masu kula da zaɓe na ƙungiyar Hausawan unguwar Tandabawi, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Shekara goma sha ɗaya rabona da gida. Ga-ruwa nake yi, kuma aikin hidimar alhazai a Arfa ne kaɗai ke ɗaga irina a shekara. Sau uku ke nan wakilinmu, Alhaji Ɗanladi, yana tsallake sunana wajen rabon aikin, ni da duk wanda ba a ayari ɗaya suka zo da shi daga Sudan ba. Shi ya sa na bi gida-gida ina tara yatsu a takarda don a tsige shi. Dokar ƙungiya ta ce ɗari. Na kawo maka ɗari da goma sha biyu.

Na ɗaya. Aibin takardar daga gare mu yake, ba zan ɓoye ba. Da tawadar allo muka dangwala, na yini da takardar a aljihu cikin zafin nan, gumi ya cinye wasu. Magidanta kuma suka yi yadda muka saba a gida, babba ya tsaya wa na ƙasa da shi. Isa mai wanki shi kaɗai sau shida ya dangwala. Ni ma na yi wa ƙanena da ke kwance.

Na biyu. Alhaji Ɗanladi mijin 'yarka ne. Kowa ya ce mini yaga ta za ka yi, kuma da ka yaga, ba mai cewa ka karya doka. Sai ka sayo tawadar ofis, ka ɗauki sandarka, kwana biyu kana hawan tudun nan da ciwon gwiwa, kana tambayar kowa ko yatsansa ne. Har shimfiɗar ƙanena ka je ya dangwala da kansa. An ce tun ranar surukin naka bai sake gaishe ka ba. Ni dai ban taɓa ganin an yi wa takardar talaka haka ba.

Na uku, nan kukana yake. Ka soke talatin da ɗaya, ka ba mu zuwa Alhamis mu cike. Malam, ka fi ni sani, yawancin masu yatsun nan suna Jidda suna dakon kayan alhazai, ba mai dawowa sai jirgin ruwa na ƙarshe ya sauke. Rabon aikin Arfa kuwa ranar Asabar ne.

Roƙona ɗaya: ka tura amintattu biyu Jidda da tawadar taka, masu dakon su dangwala a gabansu. Ni zan nuna musu inda suke kwana. In ka ƙi, ba zan ce ka zalunce ni ba. Zan dai sake shekara a nan, don kuɗin aikin Arfa ne guzurin komawata gida.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya gyara tsakaninka da surukinka, Ya saka maka da alheri.

Ga abin da na iya tsirarwa zuwa yau: tamanin da ɗaya da ka tabbatar, da tara da na sake samu da sabuwar tawada. Casa'in ke nan. Saura goma.

Wassalam.

Sule Ga-ruwa,
Tandabawi.