Na Jefa Takardar Aurenmu A Murhu

Uwargida Hinda, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ban iya rubutu ba, lokacin da sa'o'ina ke makaranta ni ina ɓoye a wata gona saboda yaƙi. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, ta yi alkawarin kama bakinta.

Saura mako uku ni da maigidana Zelig mu cika shekara sittin da aure. Yara sun kama zauren biki a nan birnin Antwerp. Mai dalilin aure ce ta haɗa mu, sau uku kawai muka ga juna. Ran farko abin da ya iya ce mini shi ne wai ko ina son kifin gishiri. Na ce a raina, wannan dogon shiru-shirun za a ba ni? Ran na uku ruwa ya tare mu a hanya, ya miƙo mini lemarsa, shi ya jiƙe sharkaf, bai matso kusa da ni ko taku ɗaya ba. A nan na yarda.

To ga abin. 'Yata Perel ta ce in ba ta ketuba, takardar aurenmu, a sa mata gilashi a rataye a zauren. Hinda, babu ita. Ni na ƙone ta da hannuna.

Shekararmu huɗu da aure ɗanmu na fari ya rasu, wata takwas gare shi. Uwar Zelig ta ce a gaban mutane wai ni na bar taga a buɗe, sanyi ya kama shi. Zelig yana zaune, bai ce uffan ba. Ran Juma'ar da ta biyo ina gasa burodin Asabar, ranar hutunmu, zuciya ta ɗebe ni, na ɗauko takardar na cusa a murhu. Kafin burodin ya nuna na yi nadama.

Kin san doka, ba a zama da miji babu ketuba. Shi kuwa mutum ne da ko cokali ya rikice tsakanin na nama da na madara sai ya je wurin rabbi, malaminmu na Yahudawa. Duk shekara in muna sharar Idin Ƙetarewa sai ya tambaya ko takardarmu na nan, in ce tana cikin akwati. Ya yi ta ƙoƙarin kiyaye doka, ni na sa shi karya ta shekara hamsin da shida bai sani ba. Ga zuciyarsa ba lafiya. In ce ta ɓace garin ƙaura? Ko yaya zan yi?

Wata tsohuwa

Mama, ki fara da numfasawa. Wuta ta ci takarda, ba ta ci aure ba. Aurenku na nan, 'ya'yanku ba abin da ya taɓa su. Rabbi na rubuta madadin ketubar da ta ɓace, da shaidu biyu, a yini ɗaya. Ba ke ce ta farko ba.

Amma maganar ƙaura ki bar ta. Zai yarda, ke kuma ki ƙara wa kanki kaya. Ba zan ɓoye miki ba, zai ji ciwo, kuma amsar da kike ba shi duk shekara za ta fi wutar yi masa zafi. Yana da haƙƙin yin fushi, ki bar shi ya yi. Shi bai sani ba, ba shi da laifi a zaman da kuka yi babu ketuba, rabbi zai tabbatar masa.

Ke ma kina da haƙƙi. Uwa ce ke da ta binne ɗanta, aka ɗora mata laifi, mijinta ya yi shiru. Ki gaya masa abin da kika yi, ki kuma gaya masa dalili. Ban san ko ya manta ranar ba. Ina zaton bai manta ba.

Kada Perel ta riga shi ji. Gobe da safe, bayan ya sha maganinsa, ku biyu kawai, ki faɗa masa. Daga nan ku tafi wurin rabbi tare, kada a kai Asabar. Abin da za a rataye a zaure kuwa, ku biyu za ku yanke.

Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta miki bakin faɗa, ya kai ku shekara ɗari da ashirin tare.

Hinda