Ruwan Kalmalo a Cikin Kula

3 ga Yuli

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiyar makaranta? Ki gaishe mini da Baba da Inna. Direba ya kawo kular ƙanƙarar lafiya, kwalabe shida na ruwan tafkin Kalmalo, ba wadda ta fashe. Da na buɗe sai da na ji ƙanshin taɓon gida, na tsaya kamar wata wawuya ina shaƙa. Allah ya saka da alheri, don ba don ke ba da binciken nan bai tafi ba.

Goggo, wani abu ya faru. Ran Talata na gabatar da aikina gaban sashe, kan ƙwayoyin cutar da na samu a ruwan. Da na gama, shugaban sashenmu ya cire tabarau ya ce, "Aiki ya yi kyau, wa ya yi miki? Ni dai na sha faɗa, mace a ɗakin gwaji ɓarnar kayan aiki ce. Ka gyara mata kuskure ta yi kuka, ka gama koya mata ta yi aure." Aka yi dariya. Wani ya ɗauka a waya, yanzu maganar ta zagaye ko'ina.

Mu ɗalibai mata huɗu muka rubuta ƙorafi, jami'a ta kafa kwamiti. Biyu sun riga sun janye. Tun ranar ban samu makullin ɗakin gwaji ba, kullum sai a ce ana gyara. Gida nake so, Goggo. In zauna bakin tafki in ga masu koma suna jan kifi, kowa ya ƙyale ni.

Ɗiyarki,
Lubabatu

Illela, 9 ga Yuli

Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, an yi ruwa sau biyu, gero ya fito. Na karanta takardarki a tsaye cikin tasha, 'yan kabu-kabun Kwanni na ta yi mini oda ban ji ba.

Mi kika ce, gida? Ki saurara.

Kin taso kina jin cewa ciwon kakarki ne ya sa na bar digirina na biyu a wannan sashen naku. Ba haka ba ne. Ta samu sauƙi tun kafin in dawo. Mutumin nan shi ya duba aikina, lokacin yana ƙaramin malami. Wata goma sha huɗu ina aiki, ranar da na kai masa sakamako ya ce irin abin da ya ce miki, kusan kalma da kalma, sai dai mu biyu ne a ofis, ba waya, ba shaida. Ya aje takarduna cikin kabad. Na yi ta zirga-zirga har na gaji, na hau mota na dawo gida.

Shekara ashirin da ɗaya ina koyar da 'yan mata ilimin halittu a allo. Ina zana musu abin da ban sake gani da idona ba. Ranakun da nake ɗibar miki ruwa, kafin in rufe kwalba sai in ɗaga ta ga rana, ina tunanin abin da ke yawo a ciki. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina.

Ga wata takarda cikin leda ƙarƙashin ƙanƙarar kula. Shaidata ce zuwa ga kwamiti, na sa sunana da shekarar da lambar wayata. Ki kai da hannunki.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki,
Ummul Khairi

28 ga Agusta

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini shirun, ban san ta inda zan fara ba.

An karanta takardarki a zaman kwamiti. Wata tsohuwar Farfesa a cikinsu ta nemi a sake karantawa. Bayan mako guda wasu mata uku suka rubuto, ɗaya daga Kwanni take.

Jiya sanarwa ta fito. Sun ce maganar raha ce da ba ta dace ba, an ja masa kunne. Ya sauka daga shugabancin sashe, wai don ya huta. Bai ba kowa haƙuri ba. An ba ni makulli, an sauya mini mai duba aiki, Dakta Hadijatu. Rabin sashen ba sa amsa gaisuwata, amma ina aiki.

Akwai abin da na so in ɓoye, sai na ga ke ba ki ɓoye mini ba. Da aka tambaye shi game da ke, sai ya ce wallahi bai tuna da wata Ummul Khairi ba. Na dubi fuskarsa, Goggo. Ba ƙarya yake ba.

Ina kewarki ƙwarai.
Lubabatu

Illela, 2 ga Satumba

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Na ji, na gode da kika faɗa. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Shekara ashirin da ɗaya ina ba mutum amsa a zuciyata, ashe ni kaɗai ke wurin.

Kular wannan makon ba direba zai kawo ta ba, na ɗauki hutun kwana uku. Ki tare ni tasha ran Alhamis bayan azahar. Kafin nan ki tambayar mini Dakta Hadijatu, cikin hikima, ko suna ɗaukar ɗaliba mai shekara arba'in da shida.

Kada ki gaya wa babanki tukuna.

Goggonki