Na Bi Tsarin Abinci Uku, Na Ƙara Kilo Biyu

Kaka, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni tela ne, shekara ashirin da uku ina taka keken ɗinki. Gwiwata ta dama ta gaji, har ta kai in na ɗinka riga ɗaya sai na miƙe ƙafa na huta. Likita ya ce sai an yi aiki, amma ba zai taɓa ni ba sai na sauke kilo takwas, sukarina kuma ya daidaita. Wata huɗu ya ba ni. Biyu sun tafi.

Ina faɗa a gida, kowa ya zama likita. Matata ta samo wani tsari a waya, wai shi keto: ba shinkafa, ba burodi, ba dankali, ko ayaba an hana, amma ƙwai da mai da kitse sai ka ture. Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ce wannan hauka ne, ragewa kawai za a yi: rabin shinkafar da na saba ci, a cike farantin da ganye da wake. Abokina mai aski, da shagonsa ke jikin nawa, shi kuma ya rantse da nama da kifi zalla, wai da su ya zubar da tumbinsa.

Kaka, ban iya cewa a'a ba. Da safe matata ta soya mini ƙwai huɗu a man shanu, in tashi da su. Da rana Yaya ta kawo kula da kanta, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki har sai na share. Da la'asar mai aski ya leƙo da gasasshen nama a takarda. Kowannensu yana zaton nasa kaɗai nake bi. Jiya na hau sikeli, na ƙara kilo biyu. Na auna ƙuguna, har tef ɗina na zarga.

Wanne ne ya fi a cikin ukun? Kuma yaya zan sallami biyu ba tare da an ɓata ba? In gwiwar nan ta ƙi, ɗinkin ya ƙare.

Tela mai gwiwa ɗaya

Angona,

Sau biyu na karanta wasiƙarka, na biyun don in ƙarasa dariya. Ai kai liyafa uku kake ci a rana. Ka ɗebo mai a wurin matarka, shinkafa a wurin Yaya, nama a wurin mai aski, ka bar wa kowa haninsa. Alhali kowane tsari da abin da ya hana yake aiki.

Karatuna bai yi nisa ba, don haka na zaunar da jikata ma'aikaciyar jinya na yi mata tambayoyi. Ta ce keto yana saurin sauke nauyi da sukari, sai dai nauyin da ke sauka a makon farko yawanci ruwa ne, ga ciwon kai da kasala da taurin bayan gida, kuma riƙe shi da wuya. Wannan na shaida. Na taɓa yin kwana tara a kai, a na goma aka kama ni a bayan ƙofar kicin da burodi a cikin mayafi. Na mai aski yana kashe yunwa, amma babu ganye babu wake, kuma mai ciwon sukari ba ya labta wa ƙodarsa nama sai an duba ta. Na Yaya tafiyarsa a hankali, amma mutum yana iya shekaru a kai. In aka ɗau lokaci, wai tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, wanda ka iya riƙewa shi ne naka.

Da ni ce, na Yaya zan ɗauka, in ƙara da barin lemon kwalba da sukarin shayi. Amma kafin ka canza ko cokali ɗaya, koma wurin likita cikin makon nan, ka faɗa masa gaskiya har da ƙwai huɗun. In kana shan maganin sukari ka yanke shinkafa kwatsam, sukarin na iya faɗuwa ka zube a kan keke. Shi zai daidaita maganin, shi zai ce ko wata biyun sun isa ko a ɗaga ranar aiki.

Sannan ka tara su ukun a zama ɗaya, kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya, don na san ka, kowa za ka ce wa to. Ka faɗi abin da sikeli ya nuna da abin da likita ya zaɓa. Matarka ta riƙe safe da dare, Yaya ta riƙe rana, duk a tsari guda. Mai aski ya riƙa raka ka awo.

Za a kumbura fuska kwana biyu, ba ya kisa. Wanda ya matsa, ka ce ni na sa ka, duk na girme su.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Kakarka