Inna, na gano inda abincinki yake tsayawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce ɗiyarki Rabi, daga Tsafe, inda har yanzu nake koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata.

Ranar Litinin na koyar da yadda ƙwayoyin jiki ke karɓar abinci. Na zana ɗaya a allo, na ce wa ɗalibai irinta ne cike da jikin mutum, ido ba ya ganinsu. Sugan da ke cikin jini ba ya shiga cikinsu da kansa, sai wani sinadari da ake kira insulin ya sa hanya ta buɗe. In ba ta buɗe ba, suga ya taru a jini, ƙwayoyin su zauna da yunwa. Na gama, na goge allo, na fita.

Kin tuna shekarar da kika fara ramewa a Rawayya? Sai ki cinye malmala uku ta tuwon dawa, amma zani na kwance miki a ƙugu. Randarki ba ta wuni da ruwa. Kika ce mini, "Ina ci, Rabi, amma kamar wani nake ciyarwa."

Muka ce sammu ne. Da hannuna na riƙa dama miki fura da zuma, wai ki yi ƙarfi. Sai da ƙaya ta soke ki a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, muka kai ki Bungudu. Daga can aka tura mu Gusau. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Kwananki tara a asibiti.

Ranar Laraba na je aka gwada jinina, don ƙishirwa ta dame ni. Irin naki ne, Inna. Ma'aikaciyar ta tsaya tana kallona, ina jin kuka take jira. Na karɓi takardar magani, na shiga mota, na dawo gida na ɗora girki. Har yau ban ji komai ba.

Na fara shan maganin. Ranar Asabar zan je in ɗauko ƙannena biyu a gwada su, ko ba su so.

Na iya bayanin wannan ciwo, Innata, amma ban san yadda ake wuni da shi ba. Ke kika sani, ban kuwa taɓa tambayarki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara.

Ɗiyarki,
Rabi