Akun Gidan Musbahu

Unguwar Nombakélé, 3 ga Maris 1976

Ƙulu 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da maigidanki Musbahu, da jikata Balki. Ƙafata dai yadda kika bar ta, shi ya sa nake ba Mero 'yar aikinku takarda idan ta kawo tuwo.

Na gode da akun da mijinki ya aiko ya ɗebe mini kewa. Kwana uku bai ce uffan ba. A na huɗu, ina alwala, sai na ji muryar Musbahu a ɗakina: "Sake leƙa ƙofar nan ki gani." Daga nan ƙarar makulli, sai kukan mace ƙasa-ƙasa. Ya gama ya miƙo baki yana jiran gyaɗa.

Tsuntsu ba ya ƙirƙira, Ƙulu. Kukan wa nake ji?

Mahaifinki, Ubale

Unguwar Plaine Orety, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Lafiya muke. Manyan motocin Alhaji Musbahu sun zama biyar, ba dare ba rana suna jigilar siminti, gida kuwa har da firji.

Akun, duk sanda ya yi wannan maganar, Alhaji kan yi dariya ya ba shi gyaɗa, shi ya sa ya riƙe ta. Haka Balki ma. Idan ta gaya masa da wa na yi magana, sai ya ba ta alewa. Shekararta biyar. Jiya na tarar ta kulle 'yartsanarta a akwati tana ce mata ta sake leƙowa ta gani.

Ka tambayi kukan wa. Ni ma ina da shekara biyar nake zama bayan ƙofa a Kano ina kallon Inna. Ranar da ta yi shiru, ranar kake saurin hucewa. A can na koya.

Ka ƙona wannan.

'Yarka, Ƙulu

Nombakélé, 20 ga Maris

Ƙulu,

Gaisuwa. Ban musa ko kalma ɗaya ba. Uwarki ta rasu ban nemi gafararta ba.

Na daina ba akun gyaɗa sai ya yi sallama. Kwana goma ke nan, ya fara barin waccan maganar. Balki ma ba ta makara ba. Ki ɗauko ta ku hau taksi, ɗakina zai ishe mu.

Mahaifinki

Plaine Orety, 24 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Balki yarinya ce mai wayo, ta nuna mini inda uwarta ke ajiye takardu. Ƙulu ba ta jin daɗi, ba za ta samu rubutu ba kwana biyu. Mun sallami Mero. Ranar Juma'a bayan masallaci zan zo in ɗauki tsuntsuna, na ji yana damunka.

Ɗanka, Musbahu

Nombakélé, 24 ga Maris

Malam Ɗanlaraba, limaminmu,

Allah ya gafarta malam. Ina roƙon ka biyo ta ɗakina ranar Juma'a da an sallame, da dattawa biyu cikin waɗanda suka shaida auren Ƙulu. Ku riga surukina isowa. Ba zan ce komai ba, ku dai zauna ku saurara.

Na koma ba akun gyaɗa a kan tsohuwar maganarsa. Tun ɗazu yake ta yi.

Naka, Ubale