Ni Ke Cika Harsasan, Shi Ke Ɗaukar Kofi

Doña Perla, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Kwana huɗu ke nan ban ce wa mijina komai ba in ban da "ga abinci".

Shekararmu ashirin da shida da aure. Anselmo maharbi ne, ba na musu, hannunsa ba ya rawa. Sau biyar yana cinye gasar mita ɗari uku ta kulob ɗinmu na harbi. Amma duk harsashin da ya harba, ni na cika shi. Babana ne ya koya mini a gonarmu ta kusa da garin General Acha. Ni nake wanke kwanson harsashi, in datse shi daidai, in auna albarushi ƙwaya-ƙwaya a sikeli, in zaunar da kan harsashi. Wata bakwai na yi ina gwaji kafin na gano awon da bindigarsa take so. Tabarau na biyu ke nan nake sauyawa saboda aikin. Shi kuwa ko inda nake ajiye littafin awon bai sani ba.

Ban taɓa neman yabo ba. To, ran Lahadi, wajen gashin naman da aka yi bayan gasa, shugaban kulob, Don Fermín, ya miƙe ya yabi harsasan Anselmo, ya roƙe shi ya koya wa sababbin 'yan kulob cikawa a wata mai zuwa. Ina zaune a gefen Anselmo ina zuba masa mate, shayinmu na gargajiya. Na jira ya nuna ni. Sai ya gyara hula ya ce aiki ne na haƙuri da ido, ba kowa aka ba ba. Da matar Fermín ta tambaya ko ina taya shi, ya ce, "Ai ita gwanar suyar empanada ce, a kicin ta ƙware." Kowa ya yi dariya. Har ni na yi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

A mota ya ce wai so nake in kunyata shi gaban maza, ai nasararsa tawa ce. Yanzu kuma yana so in rubuta masa komai a takarda ya haddace. Ƙanwata ta ce in rage masa albarushi a gasa ta gaba ya ji yadda abin yake. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin hakan. Me zan yi?

Wadda ta gaji da shiru, La Pampa

'Yar'uwa,

Fushinki yana kan hanya. Mijinki ya ci da guminki, sannan ya mai da ke abin dariya a gaban jama'a. Wannan rashin kyautawa ne, ba raha ba.

Amma shawarar ƙanwarki ki watsar da ita yau ɗin nan. Kin fi ni sanin cewa awon da aka taɓa da gangan, ko ragi ko ƙari, yana iya fasa bindiga a fuskar mai harbi. Darasi kike so ya koya, ba ido kike so ya rasa ba.

Takardar ma kada ki rubuta. Wanda bai taɓa riƙe sikeli ba bai isa ya koya wa wasu auna albarushi da hadda ba. In ya yi kuskure, 'ya'yan mutane ne za su ji a jikinsu.

Sai dai ki yi masa adalci ta gefe ɗaya. Shekaru kina shiru ana yabonsa, har ƙaryar ta zauna masa kamar gaskiya, kuma janye magana a gaban abokai yana da wuya ga mai girman kai. Ki zaunar da shi, ku biyu kawai. Ki ba shi mako guda ya je wurin Don Fermín da kansa ya faɗi wadda take cika harsasan, ya ce ke za ki koyar, shi ya nuna riƙon bindiga, wanda a nan ne ya ƙware. In ya ƙi, ki sanar da shi cewa ke za ki je, kuma ki je ɗin.

Ki tambayi kanki kuma: wadda ta san halin bindiga haka, me ya hana ta harbi? Ki sa sunanki a gasa ta gaba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita miki saiti.

Doña Perla